Na'urar Karatu Ko Littafin Takarda: Abin Da Kake Samu Da Abin Da Kake Sallamawa

Duk wanda ya taɓa tashi daga wani gida zuwa wani da littattafansa ya san takarda ba ta da wasa. Kwali ɗaya ne, ka cika shi, ka ɗaure, ka sunkuya za ka ɗaga, sai ƙugunka ya ce bai san zancen ba. A irin wannan rana ce mai karatu kan fara tunanin 'yar na'urar nan da ake cewa tana haɗiye littafi dubu ba ta ƙara nauyi ko kaɗan ba. Da ya furta kuwa sai a yi masa ca. Wannan ya ce ai shi in bai ji ƙamshin takarda ba bai yi karatu ba, wancan ya ce zamani ya riga ya wuce wurin. Kowannensu son ransa yake faɗa, kuma ba laifi ba ne, amma mai shirin fitar da kuɗinsa yana buƙatar abin da ya fi haka ƙwari.

A ganina tambayoyi biyu ne aka cakuɗa wuri guda. Ta farko, wane irin karatu kake yi? Ta biyu, bayan ka biya kuɗi, me ya zama naka? Masu tallar na'ura sun fi son a tsaya a ta farko, domin a nan suke da abin faɗa da yawa. Ta biyun ce ba kasafai ake jin bakinsu a kai ba.

Kafin a kai can, sai an raba wani rikici. Mutane da yawa in aka ce karatu a allo, wayar hannu ko kwamfutar hannu suke hangowa, sai su yanke hukunci da ciwon idon da waya ta taɓa sa musu. Na'urar karatu irin su Kindle da Kobo wani abu ce dabam. Allon waya fitila ce a bayan gilashi, tana harbo haske cikin idonka, tana sabunta hoton sau da yawa a kowace daƙiƙa ko da babu abin da ya motsa. Allon na'urar karatu kuwa da tawadar lantarki yake aiki, wadda kamfanin E Ink ya shahara da ita. An haifi fasahar a ɗakin gwaje-gwajen jami'ar MIT a Amurka, aka kafa kamfanin a 1997. A ƙarƙashin fuskar allon akwai miliyoyin 'yan mitsi-mitsin ƙwanso, kowanne bai wuce kaurin silin gashi ba. A cikin kowane ƙwanso akwai ruwa garai-garai, da ƙwayoyi farare da baƙaƙe masu ɗauke da cajin lantarki kishiyar na juna. In aka turo wuta ta wata fuska sai fararen su taso sama, wurin ya yi fari. In aka juya sai baƙaƙen su taso. Da haka ake rubuta harafi. Abin burgewar shi ne da zarar ƙwayoyin sun zauna, sun zauna ke nan, ba sa buƙatar wuta don su ci gaba da tsayuwa. Shi ya sa batirin ke kai makonni: sai ka juya shafi ne na'urar ke cin wuta, in ka cire fitila da intanet. Shi ya sa kuma rana ba ta kashe rubutun, ƙara fito da shi ma take yi, kamar yadda take yi wa takarda.

Wanda ya fara riƙe ta zai lura da wani abu. Lokaci-lokaci in ka juya shafi sai allon ya ƙifta, ya yi baƙi ƙirin na ɗan ƙiftawar ido, sannan sabon shafi ya bayyana. Sabon shiga kan zaci ta lalace. Share inuwar haruffan baya take yi, kamar ɗalibi ya goge allo kafin ya sake rubutu. Wannan nawa da ƙwayoyin ke da ita wajen motsi ita ce ta hana na'urar iya nuna bidiyo yadda ya kamata, kuma ni a wurina wannan gazawa alheri ce. Na'urar da ba ta iya komai sai nuna rubutu ba za ta katse ka da saƙon kowa ba.

Sony ne ya fara fito da irinta a Japan a 2004, da suna Librié. Amazon ya biyo baya da Kindle a Nuwamban 2007, kashin farko ya ƙare cikin ƙasa da awa shida. A riƙe wani abu game da Librié, domin za mu dawo kansa: littattafan da ake saya a cikinta bayan kwana 60 suke daina buɗuwa.

Zancen barci kan shigo nan. Akwai wani bincike da aka yi a wani asibitin da ke haɗe da jami'ar Harvard, aka buga a farkon 2015, inda mutum 12 suka riƙa karatu na awa huɗu kafin kwanciya, wasu darare a allo wasu a takarda. A dararen allo sun ɗauki ƙarin kusan minti goma kafin barci ya ɗauke su, kuma sinadarin melatonin, mai sanar da jiki cewa dare ya yi, ya ragu. Ana yawan kafa hujja da wannan a kan na'urar karatu, alhali da iPad, wato kwamfutar hannu mai allo irin na waya, aka yi gwajin, an kuma ƙure haskenta. Na'urorin tawadar lantarki masu fitila sun yaɗu ne daga 2012, kuma tasu a gefen allo take, tana shimfiɗa haske a kan shafi kamar ka haska takarda, ana iya rage ta ko a kashe gaba ɗaya.

Amfaninta na yau da kullum ba ya buƙatar dogon bayani. Nauyinta bai fi giram 200 ba ko kusa da haka, ko littafin shafi 90 ne a ciki ko na shafi 900. Ka danna kalma ƙamus ya buɗe. Ka nemi jimla ta fito maka nan take. Wasunsu ruwa ba ya yi musu illa. Tsofaffin littattafan da haƙƙin mallakarsu ya faɗi kuma kyauta ne: shirin Project Gutenberg, wanda Michael Hart ya fara a 1971, ya tara sama da 70,000. Amma in za a ce in zaɓi guda ɗaya, girman rubutu zan ɗauka. Littafin takarda da girman harafi ɗaya ya zo duniya, in idonka ya fara gajiya, kai za ka bi shi da tabarau da matso fitila. A na'ura kowane littafi mai manyan haruffa ne in ka so. Na ga dattijon da ya yi shekaru ya haƙura da karatu, yana cewa sha'awar ce ta tafi, ashe ido ne. Da aka ƙara masa girman rubutun har layi bakwai ko takwas kawai ke cika shafi, sai ga shi yana danna gefen allo da babban yatsa ba ƙaƙƙautawa, ko kallon mutane ba ya yi. Ga mai irin wannan lalura babu wata muhawara.

To, fahimta fa? Shin abin da aka karanta a allo yana zama a ka kamar na takarda? A 2018 Pablo Delgado da abokan aikinsa, yawancinsu daga jami'ar Valencia a Sifaniya, sun tattara sakamakon bincike 54 da ya shafi mutum sama da 170,000. Takarda ta yi rinjaye, amma da ɗan ƙaramin tazara, kuma rinjayen ya fi fitowa ne a rubutun bayani, irin na ilimi, da kuma lokacin da aka ƙayyade wa mai karatu lokaci. A ƙagaggen labari ba a ga bambancin kirki ba. Sannan mafi yawan gwaje-gwajen a allon kwamfuta aka yi su. Wanda ya fi kusa da batunmu shi ne na Anne Mangen ta jami'ar Stavanger a Norwe da abokan aikinta a Faransa, wanda aka buga a 2019. Mutum 50 suka karanta labari guda mai shafi 28, rabi a Kindle, rabi a takarda. A yawancin tambayoyi sun yi kunnen doki. Inda 'yan Kindle suka gaza shi ne jera abubuwan da suka faru bi da bi, da tuna a wane sashe na labarin abu kaza ya faru.

Wannan sakamako bai ba ni mamaki ba, domin duk mai karatu ya san abin a hannunsa ko da bai taɓa ba shi suna ba. In kana riƙe da littafi, hannun hagu yana jin abin da ka cinye yana ƙara kauri, na dama yana jin abin da ya rage yana sirancewa. Kana neman wata magana da ka gani jiya, ba ka tuna lambar shafi ba, amma ka san tana wajen kashi ɗaya cikin uku na littafin, a shafin hagu, can ƙasa, kusa da inda ruwa ya taɓa ɗiga. Sai ka saki shafuka ta ƙarƙashin babban yatsa, fyarrr, ka tsaya daidai wurin. Na'ura ba ta da hagu da dama, ba ta da kauri. Kowane shafi a wuri ɗaya yake bayyana ya ɓace, kuma da ka canza girman rubutu sai jimlar da ke sama ta koma ƙasa. Abin da take ba ka a madadin haka wata 'yar lamba ce a gindin allo mai cewa ka ci kashi 37 cikin ɗari. Ido ya gani, hannu bai shaida ba.

Ga labarin da za ka kama daga farko ka bi har ƙarshe, wannan rashi ba ya da wani ciwo. Ga littafin da ake kai-komo a cikinsa, ciwo ne sosai. Mai nazari yakan sa yatsa ɗaya a babi na uku, wani yatsan a jadawalin da ke ƙarshe, ga wani littafin buɗe a gefe yana gwada su. Na'ura shafi ɗaya take nunawa a lokaci guda. In kuma littafin a tsarin PDF yake, wanda shafinsa a daskare yake ba ya bin girman allo, to ka shiga uku: an tsara shi don babbar takarda, kai kuma allonka inci shida ne, sai ka yi ta ja da matsawa, allon yana ƙiftawa, har ka manta abin da kake nema. Taswira da zane da lissafi mai layi-layi duk haka suke shan wahala. Na'urori masu launi sun fito, Kobo da Kindle duk sun kawo nasu a 2024, sai dai launin a dishe yake, kuma kaifin hoton mai launi rabin na baƙi da fari ne. Littafin yara mai hotuna kuwa ba na ma sa shi cikin lissafi.

Yanzu ga tambaya ta biyu, wadda a nan ne gizo ke saƙar.

In ka sayi littafin takarda, naka ne. Ka ara wa aboki, ka sayar, ka yi kyauta da shi, ka bar wa magada. Mawallafi yana da haƙƙin hana ka buga kwafi, amma ba shi da ta cewa a kan wannan kwafin da ke hannunka. A Amurka kotun ƙoli ta tabbatar da wannan ƙa'ida tun 1908. In ka danna maɓallin saya a kantin littattafan lantarki kuwa, abin da ka samu a mafi yawan lokuta izinin karantawa ne, lasisi, ɗaure da asusunka, kuma fayil ɗin yana ɗauke da wani makulli da ake kira DRM wanda ke hana shi buɗuwa sai a na'ura ko manhajar da kamfanin ya yarda da ita. Kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci a Disamban 2019 cewa ba a sake sayar da littafin lantarki kamar yadda ake sayar da na hannu sai da izinin mai haƙƙi. Abin ya kai jihar Kalifoniya ta yi doka, wadda ta fara aiki a farkon 2025, cewa mai sayar da kayan dijital ba zai rubuta "saya" ba sai ya bayyana wa mutum ƙarara cewa lasisi yake karɓa. Ruwa ba ya tsami banza.

Wani zai ce ai wannan zancen lauyoyi ne, littafin dai yana nan ina karantawa. Haka ne, har ranar da ba ya nan. A Yulin 2009 Amazon ya gano cewa wani mai bugawa ya sa littattafan George Orwell guda biyu a kantinsa ba tare da haƙƙi ba. Sai ya miƙa hannu ta intanet ya goge su daga na'urorin waɗanda suka saya, ya mayar musu da kuɗinsu. Ɗaya daga cikin littattafan shi ne 1984, wanda labarinsa ma a kan hukuma mai shafe rubutu yake, don haka duniya ta yi dariya mai ciwo. Jeff Bezos, shugaban Amazon na lokacin, ya fito ya ba da haƙuri, wani ɗalibin sakandare kuma ya kai ƙara domin bayanan da ya rubuta a kan littafin don aikin makaranta sun zama ba su da jingina. Bayan shekara goma, a 2019, Microsoft ya rufe kantin littattafansa, littattafan da mutane suka saya suka daina buɗuwa, aka biya su kuɗinsu. A Fabrairun 2025 kuma Amazon ya cire hanyar da masu saye ke bi su sauke littattafansu a kwamfuta su ajiye. Ba wai kamfanonin nan ɓarayi ba ne, a lokuta biyun farko ma an mayar da kuɗi. Amma mai kantin littattafan takarda, ko ya yi kuskure ko ya karye, ba zai shigo ɗakinka cikin dare ya ɗauke littafi daga kanta ya ajiye maka kuɗi ba. Kwana 60 ɗin Librié an daina, amma igiyar tana hannun da take tun farko. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Ɗakunan karatu na jama'a ma haka suke fama. Littafin takarda ana ara shi har sai ya yage. A 2011 kamfanin HarperCollins ya ƙayyade cewa littafinsa na lantarki sau 26 za a ara, daga nan sai ɗakin karatu ya sake biya. Akwai kuma zancen sa ido, wanda ba a cika kula da shi ba. Tun 2015 Amazon ke biyan marubutan da ke cikin tsarinsa na karatu da kuɗin wata gwargwadon shafukan da aka karanta. Ba za a iya wannan lissafi ba sai na'urar tana kai rahoton inda ka kai. A wani ɓangaren ta fi takarda rufa asiri, tunda na kusa da kai a mota ba ya ganin bangon abin da kake karantawa. Kamfanin ne ke gani.

Kada dai a ɗauka takarda ba ta mutuwa. Gobara na cinta, ruwa na jiƙa ta, gara na yi mata ɓarna a ɓoye, kuma yawancin takardar da aka yi daga tsakiyar ƙarni na 19 zuwa wani kaso mai yawa na ƙarni na 20 tana da sinadarin da ke sa ta yi ja ta riƙa karyewa da kanta. Wanda aka ara wa littafi ma wata annoba ce mai zaman kanta. Fayil ɗin da babu makulli a kansa kuwa ana iya ajiye shi wuri uku, ba ya tsufa. Kuma akwai shi. Kamfanin Tor Books ya cire makulli daga littattafansa tun 2012, wasu ƙananan masu bugawa ma haka suke yi, na Project Gutenberg kuma dama a buɗe suke. Tsarin fayil ɗin littafi da ake kira EPUB na kowa ne, Kobo na buɗe shi kai tsaye, Kindle kuma tana da nata tsarin, ko da yake tun 2022 ana iya tura mata EPUB ta juya shi. Akwai manhajar Calibre, kyauta, da mutum zai tsara tarin littattafansa a kwamfutarsa. Wato matsalar mallaka ba a jikin allon take ba, a kantin da sharuɗɗansa take, kuma wanda ya sayi na'ura ya fi sayen ƙofar shiga wani kanti fiye da yadda yake zato.

Batun kuɗi gajere ne. Na'ura sai ka biya a dunƙule kafin ka karanta ko layi ɗaya. Sabon littafin lantarki ba lallai ya yi arha sosai ba, domin bugu da takarda ƙaramin kaso ne na kuɗin yin littafi; marubuci da edita da mai tsarawa duk sai an biya su. Kasuwar na hannu kuma babu ita a can. Batiri na tsufa, allon na fashewa in aka zauna a kai, bayan wasu shekaru sai an sake wata. Mai cinye littafi uku a wata, musamman mai son tsofaffin da ke kyauta, zai fanshe da wuri. Mai karanta uku a shekara ya sayi abin ajiya a aljihun tebur. Haka lissafin yake ta fuskar muhalli ma: ƙera na'ura guda yana cin ma'adinai da makamashi fiye da buga littafi guda nesa ba kusa ba, sai an karanta da yawa a cikinta take biyan bashinta.

Lokacin da Kindle ta fito an yi ta yi wa takarda ta'aziyya. Ba ta mutu ba. Binciken cibiyar Pew na 2021 a Amurka ya nuna kashi 65 cikin ɗari na manya sun karanta littafin takarda a cikin shekarar, kashi 30 sun karanta na lantarki. Waɗanda suka tsaya a dijital zalla kashi 9 ne kacal, kashi 33 kuma suna haɗa biyun. Mutane sun yi wa kansu rabon da masu muhawara suka ƙi yi.

Gwajin da nake ba wanda ya tambaye ni shi ne ya rubuta littattafai goma na ƙarshe da ya karanta, ba waɗanda yake burin karantawa ba. A gaban kowanne ya amsa: na sake buɗe shi bayan na gama? Na yi rubutu a gefensa? Na ba wani? Sannan, kafin ya biya ko sisi, ya shiga kantin na'urar ya duba ko suna nan, domin kantunan sun cika maƙil ne da manyan harsunan kasuwa, wanda ke karatu da wani harshe yana iya samun kanta wayam. Da na yi wa kaina, shida labarai ne da na bi sau ɗaya na wuce, waɗannan na'ura ta ishe su. Uku na cika gefensu da fensir, ɗaya ma yana hannun wani har yanzu. Na goman ya daɗe da ƙarewa a kasuwa, ba a sake buga shi ba, babu shi a kowane kanti na lantarki. Hoton shafukansa kawai na samu, wani ya ɗauka a karkace ya haɗa a PDF, har ana ganin yatsansa a gefen shafi na 112. Na'urar ta kasa nuna shi yadda zai karantu, sai a kwamfuta na ƙarasa shi.